An Ce Mu Yi Shiru Za Ta Manta: Shin Haka Yaro Ke Warkewa Daga Cin Zarafi?

Tambaya: Ni gwaggon wata yarinya ce 'yar shekara 11. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta yi shekara biyu a hannun matar babanta, ga duka, ga horon yunwa, ga talla. A wajen tallar ne wani magidanci ya lalata ta, ba sau ɗaya ba. Wata huɗu ke nan da na ɗauko ta tare da ƙanenta ɗan shekara 3. An duba ta a asibiti an ce jikinta lafiya. Amma tana firgita cikin dare, ta koma fitsarin kwance, akwai layin da ba ta yarda ta bi, wani lokaci kuma sai ta ƙura wa wuri ɗaya ido kamar ba ta cikin gidan. Manya sun ce kada a sake tayar da maganar, za ta manta. Wasu sun ce iska ce, a kai ta ruƙiyya. Shi kuma yaron ba ya kuka, kuma duk wanda ya miƙa masa hannu sai ya bi shi. Akwai magani?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauko yaran nan, ya jiƙan mahaifiyarsu. Akwai magani. Mafi yawansa ba ƙwaya ba ne, ba allura ba ce. Zama ne da magana da koyarwa, kuma kusan rabinsa a hannunki yake.

Abubuwan da kika lissafa duk sanannu ne a wurin mu masu aiki da yaran da aka cutar. Yaron da ya daɗe cikin tsoro, jikinsa yakan koyi zama a shirye kullum. Ko an raba shi da wurin, jikin bai samu labari ba. Warin wani turare, muryar namiji daga zaure, ƙarar rufe ƙofa, kowanne yana iya dawo da ita cikin ɗakin nan kamar yanzu abin ke faruwa. Ƙura ido da kike gani kuwa dabara ce da ƙwaƙwalwa ke yi idan babu hanyar gudu: sai hankali ya janye daga jiki. A lokacin da ake cutar da ita wannan dabarar ta taimake ta, yanzu kuma ta zame mata jiki. Shi ne mutane ke gani su ce iska. Ban hana ki addu'a ba, ban hana a yi mata karatu da tofi cikin natsuwa ba, yara da yawa suna samun kwanciyar hankali da su. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a rufe ta a ɗaki da wani namiji baƙo, ko a danne ta, ko a dake ta, ko a tura mata hayaƙi har ta yi ihu a ce aljani ne ya yi magana. Yarinyar da aka danne a baya, in aka sake danne ta da sunan magani, an maimaita mata abin ne.

Kafin a zo kan kowane irin magani, sai an amsa tambaya ɗaya: yanzu ta tsira? Mutumin nan yana iya isa gare ta? Ana maganar mayar da ita gidan babanta? Tana jin ana wannan shawarar a tsakar gida? Babu masanin da zai iya koya wa yarinya cewa haɗari ya wuce alhali bai wuce ba. Ki gaya mata da bakinki cewa ba za ta koma talla ba, kuma a nan za ta zauna, in har kin tabbata za ki iya cika alkawarin. Ta ɓangaren jiki kuma, ki koma asibiti ki tambaya ko an maimaita gwajin ƙanjamau bayan wata uku, an duba ciwon hanta da ciwon sanyi, an kuma gwada fitsarinta, domin ciwon mara kaɗai yana iya kawo fitsarin kwance. Kada ki bari a yi ta buɗe ta ana duba budurci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana tun 2018 cewa wannan dubawar ba ta tabbatar da komai, wulaƙanci ne kawai a kan wulaƙanci.

Sai maganar shiru. Manyan da suka ce a bar zancen ba mugunta suke nufi ba, rufin asiri suke nema mata, suna tunanin ranar aurenta. Kuma suna da gaskiya a gefe guda: bai kamata a riƙa titsiye yarinya kowa ya zo a ce ta maimaita masa ba. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2017 kan yaran da aka yi wa lalata, ta hana a zaunar da yaro da zafi-zafi a sa shi ya zayyana abin da ya faru da sunan rage masa raɗaɗi. Amma hana ta magana gaba ɗaya wata cutar ce. Yaro ba ya mantawa don an yi shiru. Abin da yake koya shi ne abin ya yi munin da ko manya ba sa iya furta shi, don haka lallai shi ne ya ɓaci. Sannan gudun tunawa shi ne abincin tsoro. Yau layi ɗaya take gudu. Duk ranar da ta kauce masa ta ji sanyi a ranta, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara gaskata cewa layin haɗari ne. Gobe makaranta ce, jibi duk wani namiji.

Maganin da ya fi kowanne hujja a irin halin da take ciki shi ne wanda masana ke taƙaita sunansa da TF-CBT, wato gyaran tunani da ɗabi'a da aka gina shi kan abin firgicin da ya sami yaro. Masana uku ne a Amurka suka tsara shi: Judith Cohen da Anthony Mannarino a birnin Pittsburgh, da Esther Deblinger a jihar New Jersey. Ana yi wa yara daga shekara 3 zuwa 18, galibi zama 12 zuwa 20, sau ɗaya a mako. Bari in buɗe miki cikinsa, domin idan kin san yadda yake babu wanda zai sayar miki da wani abu da sunansa.

Makonnin farko ba a taɓa labarin ba. Ana bayyana wa yarinya, da kalmomin da suka dace da shekarunta, cewa irin wannan yana faruwa da yara da yawa, cewa laifin babba ne kullum, cewa firgita da mugun mafarki ba hauka ba ne. Ana koya mata jan numfashi a hankali har ciki ya cika, da sassauta gaɓoɓi, da sanin sunan abin da take ji. Yaranmu da yawa kalma biyu suka sani, lafiya lau da ba komai. Sai an koya musu bambanta tsoro da kunya da fushi da baƙin ciki, da auna ƙarfin kowanne, kafin su iya riƙe shi. Ana kuma nuna mata yadda tunani ke haifar da ji, ji kuma ya haifar da aiki, ana farawa da misalan yau da kullum kamar ƙawar da ta wuce ba ta gaishe ta ba.

Sai an ga ta iya kwantar da kanta sannan a shiga tsakiyar aikin. A nan ne take gina labarinta kaɗan-kaɗan, a rubuce ko a zane ko ta faɗa a rubuta mata, kamar ƙaramin littafi. Babin farko sunanta da abin da take so. Na gaba rayuwa lokacin mahaifiyarta tana raye. A hankali ake matsowa har ranar da ta fi muni, ana karanta abin da aka rubuta a kowane zama har ya daina girgiza ta kamar da. Kamar wankin gyambo ne: akwai zafi, shi ya sa ba kowa ake ba wa ba, kuma ba a yi da gaggawa, amma wanda aka naɗe ba a wanke ba ruɓewa yake yi. A cikin labarin ne ƙaryayyakin da ta haɗiye suke fitowa. Masu lalata 'yan talla suna da salo: ya saye kayan farantin duka, ya ƙara mata da canji, ta koma gida ranar ba a dake ta ba. Sai yarinya ta ƙudurta cewa tunda ta karɓi kuɗi, tunda ta koma da ƙafarta, ita ma tana da hannu. Wata kuma abin da ke cinta shi ne ba ta yi ihu ba, ba ta san cewa sandarewa ɗaya ce daga hanyoyin da jiki ke amsa tsoro ba. Masani ba ya tsaya a kan cewa ba laifinki ba ne. Tambayoyi yake yi mata, waye babba, waye ya san haramun ne, me zai same ta in ta koma gida da kaya ba a saya ba, har ta kai ga amsar da kanta. Amsar da yaro ya gano da kansa ita ce ke zama.

Duk wannan lokacin ke ma ana zama da ke daban. Ana karanta miki labarin tun kafin ta karanta miki, don ki yi kukanki ki gama a bayan idonta. Ranar da za ta karanta miki da bakinta, ki saurara ba ki ruɗe ba, ki ce kin yarda da ita kuma kina alfahari da ita, ranar ce a ganina ta fi kowace rana nauyi a duk maganin. Daga nan sai a bi wuraren da take gudu mataki-mataki, in dai babu haɗari na gaske a cikinsu, a rufe da koya mata kare kai: sunayen sassan jiki, taɓawar da ba ta halatta ba, da mutanen da za ta gaya wa.

An gwada wannan hanya sosai. A 2004 an buga binciken yara 229 'yan shekara 8 zuwa 14 da aka yi wa lalata, aka raba su biyu, wasu aka yi musu TF-CBT, wasu aka yi musu zaman saurare da lallashi kawai. Duka sun samu sauƙi, amma na farkon sun fi samun raguwar firgici da baƙin ciki da jin kunya, masu riƙonsu ma sun fi samun natsuwa. Za ki iya cewa wannan ai Amurka ce. To, an kawo shi Afirka. A garin Beni na gabashin Kwango an yi wa 'yan mata 52 masu shekara 12 zuwa 17 da yaƙi ya rutsa da su, waɗanda aka yi wa fyaɗe ko aka yi a gabansu, a rukuni, zama 15, kuma ma'aikatan gari ne suka jagoranta, ba likitoci ba. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna babban sauƙi. A Lusaka ta ƙasar Zambiya an gwada da yara 257, masu ba da shawara na cikin unguwa da aka horar aka kuma riƙa duba aikinsu su ne suka yi. Alamomin firgici sun ragu da kusan kashi 82 cikin 100, a rukunin da aka bar su da kulawar da aka saba kuwa kashi 21. An kuma yi wa marayu a Kenya da Tanzaniya wani nau'insa da ya haɗa da jimamin rashin iyaye, wanda ya shafi 'yarki kai tsaye, domin kada a manta ta rasa uwa kuma da alama ba a ba ta damar yin kukanta ba. Abin da waɗannan gwaje-gwajen suka koya mana yana da muhimmanci ga ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba: ba sai babban likita ba, amma sai wanda aka horar kuma akwai na sama da shi da ke bibiyar aikinsa.

Akwai wasu hanyoyin. EMDR, wadda yaro ke tuna abin a ransa yana bin yatsan masani da ido dama da hagu, tana da hujja, kuma tana dacewa da yaron da magana ke yi wa wuya. Akwai wadda aka gwada da tsofaffin yaran soja a arewacin Uganda, inda ake shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar yaro, ya jera duwatsu a wuraren baƙin ciki, furanni a wuraren farin ciki, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya. Zane da wasa da kiɗa suna da amfani wajen buɗe bakin yaro, sai dai su kaɗai hujjarsu ba ta da ƙarfi. Wani babban nazari da aka yi a Birtaniya a 2016, wanda ya tattara bincike 198 kan yaran da aka zalunta, ya sami hujja mafi ƙarfi ne a gyaran tunani da ɗabi'a ga waɗanda aka yi wa lalata. Ƙwaya kuwa ba ita ce farko ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce a 2018 kada a ba 'yan ƙasa da shekara 18 ƙwaya don ciwon firgici. Ina roƙonki musamman kada ki sayo mata maganin barci a kemis. Idan baƙin ciki ya yi tsanani likita na iya rubuta magani, amma shi zai yanke, bayan ya gan ta.

Yanzu ke. Bincike ya sha nuna cewa cikin abubuwan da suka fi nuna ko yaro zai warke akwai samun babba ɗaya da ya gaskata shi ya tsaya masa. Idan ta fara magana, ko kina tsakiyar tuƙa tuwo, ki sassauta ki saurara, kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki jero tambayoyi. Ki ce: na ji, na yarda da ke, kin kyauta da kika gaya mini. Kada a ce mata me ya kai ki, ko me ya sa ba ki faɗa ba tun farko, ko kin jawo mana abin kunya. Ki hana a riƙa zancenta a gabanta kamar ba ta nan. Fitsarin kwance a shimfiɗa leda, a wanke da safe ba tare da sanarwa ba, kada a tara mata yara suna yi mata waƙa. Lokacin abinci da na barci su zama sanannu, domin yaron da ya rayu bai san me zai faru an jima ba, tsari kansa magani ne. Makaranta da Islamiyya ta ci gaba da zuwa, ba sai malamai sun san dalla-dalla ba.

Ki kuma shirya wa halayen da za su ba ki haushi. Yaron da aka yi wa horon yunwa yakan ɓoye abinci a ƙarƙashin katifa, ya ci har ya yi amai, ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Wanda aka saba duka yakan yi ƙarya tun kafin a tambaye shi. Wata tana yin kyau wata biyu, sai ta fara tsiwa daidai lokacin da ta fara sakin jiki, tana gwada ko ke ma za ki kore ta. A nan ne masu riƙo da yawa ke karaya su ɗauki bulala, ko a ce a kai yaro gidan mari. Kowa ya ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, da yawansu yara, wasu da sarƙa a ƙafa. Ba mu kaɗai ba ne: a jihar Colorado ta Amurka, a shekarar 2000, yarinya 'yar shekara 10 ta mutu a hannun masu cewa suna gyara ta, sun naɗe ta da bargo sun danne. Duk maganin da ya ƙunshi ɗauri ko danniya ko tsoratarwa, ki guje shi ko wane ne ya kawo. Horon da ba duka yana aiki, kuma an auna. A jihar Oklahoma an bi iyaye 110 da aka kama da laifin dukan 'ya'yansu; waɗanda aka koya wa yabon yaro idan ya yi daidai, ba da umarni ɗaya a sarari, da hukunci mai sanyi da ba ya canzawa, ana gyara musu suna cikin wasa da yaran, kashi 19 cikin 100 ne aka sake kai ƙararsu, a rukunin da aka yi wa darasin iyaye da aka saba kuwa kashi 49.

Ƙanenta ya fi ba ni damuwa fiye da yadda kike zato, don shi ba ya damun kowa. Mutane za su ce yaro mai haƙuri, ba shi da ƙiwa. Amma ɗan shekara 3 da ba ya kuka idan ya faɗi, kuma ba ya waiwayen kowa kafin ya bi baƙo, sau da yawa yaro ne da ya yi ta kuka ba a zo ba har ya daina, bai kuma samu mutum ɗaya da ya zama nasa ba. An ga wannan ƙarara a gidajen marayun Romaniya. A binciken da aka fara a Bucharest a shekarar 2000 da yara 136, waɗanda aka mayar hannun iyalai sun fi waɗanda suka zauna a gidan marayu ci gaban hankali da shaƙuwa, kuma waɗanda aka mayar kafin su cika shekara 2 sun fi samun riba. Naki ya ɗan haura haka, amma ƙofa a buɗe take, kuma kowane wata yana da daraja. Shi ba zama a kujera za a yi da shi ba, ke za a koya wa. Akwai tsarin da Mary Dozier ta ƙirƙiro a jami'ar Delaware, zama 10 a gida, kuma ginshiƙinsa abu uku ne: ki rarrashe shi ko bai nema ba, ki bi wasansa maimakon ki ja shi, ki guji duk abin da zai tsorata shi. Idan ya buge, ki ɗauke shi ko ya nuna ba komai. Ki goya shi, ki yi masa wanka da kanki, ki ba shi abinci da hannunki. Na wasu watanni kada a riƙa yawo da shi hannu-hannu, yau gidan wannan gobe gidan wancan. A kai shi a auna nauyinsa da tsawonsa, a duba jinsa da maganarsa.

Ina za ki nufa? Akwai cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da ke cikin asibitocin gwamnati, inda ake haɗa duba lafiya da shawara da taimakon shari'a: Waraka a asibitin Murtala na Kano, Salama a jihar Kaduna, Nana Khadija a Sakkwato. Akwai sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa, da asibitocin tarayya na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin an ce ta haukace. Binciken ƙasa na 2014 ya nuna cewa mace ɗaya cikin huɗu da namiji ɗaya cikin goma a Najeriya an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai 18, kuma waɗanda suka sami taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. Ma'aikatan wuraren nan sun saba ganin irinta. Ki tambayi wanda aka haɗa ku da shi: an horar da kai kan yaran da aka ci zarafinsu? Zama nawa za mu yi? Ni ma za a riƙa zama da ni? Wa zai ji abin da ta faɗa? In ta fi sakewa da mace, ki nemi mace. Maganar kai ƙara kuma ki yi ta da su, domin mutumin nan akwai wasu 'yan tallan a gabansa, kuma su sun san yadda ake ɗaukar bayanin yaro ba tare da an yi ta jan sa daga ofis zuwa ofis ba.

Idan ta ce gara ta mutu, ko kika ga tana yanka jikinta, ko ta daina ci, ko ta kwana biyu ba barci, kada ki jira ranar da aka ba ku, ki kai ta a ranar, ki kuma kawar da maganin ɓera da fiya-fiya da ƙwayoyi daga inda hannunta zai kai. Lokacin da aka shiga rubuta labarin, mafarkan na iya ƙaruwa na mako ɗaya ko biyu. Ki gaya wa masanin, amma kada ki janye ta, domin a nan ne iyalai suka fi yankewa. Sauƙi yakan fara bayyana a barci, sai ci, sai wasa da sauran yara. Bayan an gama kuma abin yana iya ɗagowa lokacin da ta fara al'ada, ko aka fara zancen aure, ko a haihuwar fari. In hakan ta faru maganin bai lalace ba, sabon mataki ne ya zo da sababbin tambayoyi, kuma zama kaɗan yakan wadatar. Ki adana katinta na asibiti da sunan wanda ya duba ta saboda wannan ranar.